Kifin Dadin Kowa: Yadda Yake Girma da Abin da ke Rage Shi

Duk wanda ya taɓa zama a garin Gombe ya san cewa kifin da ake gani a kasuwanninta, ɗanye ko banda, da yawansa daga Dadin Kowa yake fitowa. Madatsar ruwan tana kan kogin Gongola a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, kimanin kilomita 37 gabas da birnin, kuma an kammala gina ta a 1984. A ruwan akwai karfasa da tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa da giwan ruwa.

Yadda kifin ke girma

A ƙasa mai zafi irin tamu kifi yakan girma da sauri a farkon rayuwarsa, daga baya girman ya ja baya idan ya fara ƙwai. Karfasa kan isa haihuwa tun kafin ta cika shekara, kuma a wasu nau'o'inta uwar ce ke riƙe ƙwan a bakinta har su ƙyanƙyashe. Ita kuwa tarwaɗa sai damina ta kama, ruwa ya malala cikin ciyayi, sannan take zuba ƙwai. Giwan ruwa ya fi su jinkiri, sai ya yi shekaru kafin ya hayayyafa, shi ya sa ya fi saurin ɓacewa idan aka matsa masa.

Masu bincike kan auna tsawon kifin da masunta suka kamo wata-wata, har shekara ta zagayo. Daga nan suke gane saurin girmansa da kuma yawan wanda ke mutuwa.

Mutuwa iri biyu ce

Akwai wadda ba hannun mutum: cuta, tsufa, babban kifi ya haɗiye ƙarami, ko ruwa ya janye da rani. Akwai kuma ta su, wato wanda kalli da taru da birgi suka kwashe. Ma'aunin da masana suka saba amfani da shi shi ne, idan kamu ya wuce rabin dukkan kifin da ke mutuwa, to an fara cin uwar kuɗi ke nan, ba riba ba.

Alamar ba ta ɓuya. Za ka ga manyan kifi sun yi wuya, kwando ya cika da 'yan ƙanana, masunci ya kwana a ruwa ya dawo da abin da bai kai kuɗin raga ba.

Me doka ta ce?

Dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992 ta haramta zuba guba da amfani da nakiya ko lantarki, ta kuma hana raga mai ƙananan idanu, domin ƙaramin kifi ya samu ya tsira har ya hayayyafa.

Ina ruwan mazauna Kudu?

Lissafin ɗaya ne a ruwan Legas, inda kogi ke gauraya da teku, daga Makoko har Epe. 'Yan uwanmu da ke sarin banda a Arewa suna kaiwa Legas da Ibadan da Fatakwal su ne ke fara ji a aljihu idan kifi ya ƙanƙance. Kuma muddin dillali na sayen 'ya'yan kifi, masunci ba zai daina kamo su ba. Wanda ya ƙi sayen kwandon ƙanana bana, hajar baɗi ya kare wa kansa.