Daga sandar dalma zuwa adireshin labari

Guntun sunan da ke ƙarshen adireshin labari a intanet, wanda masu sana'ar ke kira slug, ya girmi shafukan intanet da fiye da shekara ɗari. A maɗaba'a aka haife shi. A 1886 jaridar New York Tribune ta fara aiki da injin Linotype, ƙirar Ottmar Mergenthaler, Bajamushe mazaunin Baltimore a Amurka. Ma'aikaci zai danna haruffa, injin ya jera su, ya kwarara musu narkakkiyar dalma da aka gauraya da kuza, sai layin rubutu guda ya faɗo a dunƙule, sanda ɗaya mai zafi. Wannan sanda ita ake kira slug.

Daga ɗakin injin kalmar ta shiga ɗakin labarai. Edita kan laƙaba wa kowane labari kalma ɗaya ko biyu, kamar "gobara" ko "kasafi", domin wakili da mai gyara da mai jera haruffa su gane abin da ake magana a kai tun kafin a tsayar da kanu. Kanun labari yana iya canzawa sau biyar kafin gari ya waye, amma laƙabin yana nan yadda yake. Amfaninsa ke nan tun asali, kuma har yau bai sauya ba.

Lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe shafin farko ga jama'a daga cibiyar CERN a 1991, kowane shafi fayil ne da aka rubuta da hannu, sunan fayil ɗin kuma shi ne adireshi. Da rubuce-rubuce suka yi yawa, aka koma ajiye su a rumbun bayanai, manhaja tana ɗauko su tana ɗora musu ado. Cikin irin waɗannan manhajoji, Drupal ta fito a 2001, WordPress a 2003. Sai dai rumbu lamba ya sani, don haka adireshi ya zama wani abu kamar ?p=123, wanda babu mai iya tunawa, kuma bai faɗa wa mai karatu komai ba. Nan tsohon laƙabin editoci ya dawo. Ba banza ba manhajar Django, wadda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara ginawa a jaridar Lawrence Journal-World ta jihar Kansas, aka kuma sake ta ga kowa a 2005, ta zo da gurbi na musamman mai wannan suna. 'Yan jarida ne suka raine ta, da bakinsu take magana.

Wayar iPhone ta 2007 da ire-irenta suka kawo sabuwar matsala. Labari ɗaya ana son sa a shafi, ana son sa a manhajar waya, kowane wuri da irin shigarsa. Mafitar da aka samu ita ce a raba gangar jiki da kai: rumbu ya riƙe rubutu kawai, duk mai so ya aiko da tambaya ya karɓa, ya yi masa adon da ya ga dama. Shi ya sa ake ce wa tsarin marar kai. A kan wannan salo aka kafa Contentful a Berlin a 2013, Strapi ta biyo baya daga Faransa a 2015, WordPress ma ta buɗe irin wannan ƙofa a ƙarshen 2016.

A wannan tsari slug ya zama mabuɗi. Mai karatu ya danna adireshi, shafin ya yanko guntun sunan, ya ce wa rumbu ya kawo labarin da ke ɗauke da shi. Amma marubuci da hoto da rukunin labarin duk a wasu gurabe suke, an dai ƙulla su da shi. A Strapi ta 4, misali, labari kan iso tsirara, ba hoto ba sunan marubuci, sai an faɗi a fili abin da ake so ya biyo shi ta hanyar umarnin populate. Sabon shiga kan zaci bayanansa sun ɓace. Akwai hikima a ciki, domin marubuci yana da wasu labarai, su ma suna da hotuna, kuma in aka bar kowa ya jawo ɗan'uwansa, tambaya ɗaya za ta kwashe rabin rumbu. GraphQL, wadda Facebook ya fitar a 2015, wannan matsalar ta zo warwarewa: mai tambaya ya zayyana daidai abin da yake so.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wani tarko. Wasu manhajoji suna ƙera slug daga kanu ta hanyar tsame duk harafin da ba na Turanci ba. Django, in ba a sauya mata saiti ba, tana zubar da ɓ da ɗ da ƙ gaba ɗaya, sai "ƙasa" ta koma "asa", "ɗalibai" su koma "alibai". Gyara bayan an wallafa kuma yana karya duk mahaɗin da aka riga aka yaɗa, sai an sa tsohon adireshi ya riƙa tura mutane zuwa sabon. Saboda haka edita mai lura yakan rubuta slug da hannunsa kafin labari ya fita.