Bayani a kan fargabar da kan kama majinyaci kafin babbar tiyata

Ga majinyata da dama, daren jajibirin tiyata ya fi ita kanta tiyatar tsawo.

Barci yakan ƙaurace wa ido, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, baki ya bushe, tunani kuma ya yi ta kai-komo a kan tambaya guda: shin zan farka kuwa?

Likitoci ba sa ɗaukar wannan hali a matsayin ragwantaka ko raunin imani. Martani ne da jiki ke mayarwa a duk lokacin da ya hango haɗari, inda yakan saki sinadaran adrenalin da kotizol cikin jini, waɗanda ke ƙara bugun zuciya, su kuma ɗaga awon jini.

Matsalar ita ce, idan fargabar ta wuce kima, takan shafi aikin kansa. An lura cewa majinyacin da ya shiga ɗakin tiyata a firgice yakan buƙaci maganin sa barci fiye da na takwaransa, ya kuma fi jin raɗaɗi bayan ya farfaɗo. Wani lokaci ma jininsa kan hau har a ɗage aikin zuwa wata rana.

Mafi muni shi ne wanda tsoro ya hana shi komawa asibiti sam, sai bayan ƙari ya bazu, ko naƙuda ta yi tsawo har uwa da ɗa sun galabaita.

Asalin tsoron

Tsoron wuƙar likita yana da tushe a tarihi. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, ana yanka mutum ne idonsa biyu, wasu ƙarti na danne da shi, kuma gwanin likita a wancan zamani shi ne wanda ya fi sauri.

A shekara ta 1811, an cire wa marubuciyar nan ta Ingila, Fanny Burney, mama a birnin Paris ba tare da wani abin gusar da zafi ba. Wasiƙar da ta rubuta wa 'yar uwarta a kan abin da ta ji tana nan har yau, kuma ba kowa ne ke iya karanta ta har ƙarshe ba.

Al'amura sun sauya a ranar 16 ga watan Oktoban 1846, lokacin da wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci sinadarin ita a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, aka cire masa ƙari a wuya a gaban taron likitoci. Shekara guda bayan haka James Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinbara, kuma a 1853 Sarauniya Victoria ta shaƙe shi a wajen haihuwar ɗanta Leopold.

Sai dai kawar da zafin ya haifar da sabon tsoro, wato na barcin da babu tashi. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1954, wanda ya duba ayyuka kusan dubu 600 a asibitoci goma, ya gano cewa maganin sa barci na da hannu a mutuwar mutum guda cikin kowane 1,560.

A yau, a ƙasashe irin su Birtaniya, ana ƙiyasta cewa haɗarin ya kai kimanin mutum guda ne cikin dubu 100, ga mai ƙoshin lafiya da aka shirya wa aiki tun da wuri. Na'urar auna iskar oksijin da ake maƙala wa a yatsa, da ingantattun magunguna, da horon ma'aikata, su ne suka kawo wannan sauyi.

Akwai kuma masu tsoron farkawa ana tsakiyar aiki. Abin yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka fitar a Birtaniya da Ireland a 2014 ya samu rahoton hakan ne sau ɗaya a cikin kimanin ayyuka dubu 19.

Hira ta fi ƙwaya

Abin da ya fi tasiri wajen kwantar da hankalin majinyaci, a cewar binciken da aka daɗe ana kafa hujja da shi, ba magani ba ne.

A 1963, Lawrence Egbert da abokan aikinsa a Boston sun kwatanta majinyatan da aka ba ƙwayar kwantar da hankali da waɗanda likitan sa barci ya ziyarta a jajibirin aiki ya yi musu bayani na 'yan mintoci. Ƙwayar ta sa gyangyaɗi, amma ba ta cire tsoro ba. Waɗanda aka zauna aka yi wa bayani su ne suka fi natsuwa.

A shekarar da ta biyo baya, suka sake gwaji a kan mutane 97 da za a yi wa aikin ciki. An gaya wa wani rukuni gaskiyar irin zafin da za su ji, da inda za su ji shi, da yadda za su yi numfashi su kuma juya a kan gado. Wannan rukuni ya buƙaci kimanin rabin allurar mofin da ɗaya rukunin ya buƙata, kuma an sallame su kusan kwana uku kafin sauran.

Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne, faɗin "kada ka damu, ba komai" bai wadatar ba. Wanda aka ce masa ba zai ji komai ba, sannan ya farka da bututu a hanci da ciwo a ciki, zai zaci wani abu ne ya ɓaci.

Tun a 1958 masanin halayyar ɗan Adam Irving Janis ya yi hasashen cewa matsakaiciyar damuwa tana da amfani, domin ita ce ke sa mutum ya yi tambaya, ya kuma shirya ransa. Ba duk binciken da suka biyo baya ne suka gaskata shi ba, amma ra'ayin cewa ba lallai sai an kawar da tsoro ɗungurungum ba ya samu karɓuwa.

Mutane kuma sun bambanta. Wani yana so a zana masa komai daki-daki, wani kuma bayanin da ya yi yawa ƙara rikita shi yake yi. Wannan ne ya sa wata takardar tambayoyi shida da aka ƙirƙiro a Amsterdam a 1996 take auna abubuwa biyu tare: yawan fargabar majinyaci, da yawan bayanin da yake so a yi masa. Babu laifi mutum ya ce wa likitansa, gaya mini wannan, wancan kuwa gaya wa ɗan'uwana.

Tambayoyin da suka cancanci a rubuta a takarda a tafi da su sun haɗa da: me zai faru idan ba a yi aikin ba, barci za a sa ni gaba ɗaya ko allurar gadon baya za a yi mini, me zan tarar a jikina idan na farka, wa zai riƙa duba ni a daren farko, kuma nawa ne kuɗin baki ɗaya.

Inda tsoron ke da hujja

Ba daidai ba ne a ɗauki alƙaluman Landan a karanta wa majinyacin da ke kwance a asibitin karkara. A 2015 wani kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutane biliyan biyar ne a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai inganci da rahusa.

Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya bi diddigin majinyata fiye da dubu 11 a ƙasashen Afirka 25, ciki har da Najeriya, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan aikin da aka tsara ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu, duk da cewa majinyatan sun fi ƙuruciya.

Amma abin lura shi ne, kusan dukkan mace-macen sun auku ne a kwanakin da suka biyo bayan aikin, ba a kan teburin tiyata ba. Ma'ana, an fi samun asara a ɗakin jinya, inda ma'aikata suka yi ƙaranci, ba a kuma gano matsala da wuri.

Wannan ya ba dangi aikin yi. Mai zaman jinya da ya san cewa zazzaɓi, ko numfashi sama-sama, ko ruɗewa, ko jini a bandeji, ko ɗaukewar fitsari alamu ne da ke buƙatar a kira ma'aikaci nan take, ya fi amfani ga majinyaci fiye da cincirindon 'yan dubiya. Haka nan kammala batun kuɗi da na masu bayar da jini tun da wuri yakan sauke wa mara lafiya nauyin da sau da yawa ba ya iya furtawa.

Idan kuma a ɗakin tiyata aka yi ta maimaita tambayar suna da ɓangaren da za a yi wa aiki, ba alamar ruɗani ba ce. Tsari ne na matakai 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shi a 2008. A gwajin da aka yi masa a asibitoci takwas, ciki har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8.

Abin da majinyaci zai iya yi

Shaƙar numfashi a hankali, tare da tsawaita fitar da shi, yana rage bugun zuciya cikin 'yan mintoci, kuma ya fi aiki idan an saba da shi kwanaki kafin ranar.

Sauraron kiɗa ma an gwada shi. Wani nazari na 2015 da ya tattara gwaje-gwaje 73 a kan mutane kusan dubu bakwai ya nuna cewa yana rage fargaba da zafi da kuma yawan maganin da ake buƙata. Masu addini da yawa kan sami natsuwarsu a addu'a da sauraron karatu, wasu kuma sai sun biya bashi, sun bar wasiyya, sannan hankalinsu ke kwanciya. Bai kamata dangi su ɗauki hakan a matsayin mugun fata ba.

Mai shan taba zai taimaki kansa idan ya daina. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barin taba makonni huɗu ko fiye kafin tiyata na rage matsalolin da kan biyo baya.

Akwai magungunan kwantar da hankali irin su midazolam da ake bayarwa gab da shiga, amma likitoci kan yi taka-tsantsan da su ga tsofaffi saboda suna iya jawo ruɗewa. Kada majinyaci ya sha wata ƙwayar barci da kansa, kuma ya bayyana duk abin da yake sha, har da na gargajiya da jiƙe-jiƙe, domin wasunsu na tsinka jini ko su yi karo da maganin sa barci.

Yara ƙanana sun fi tsoron rabuwa da iyaye a kan aikin kansa, kuma sukan karanci tsoro a fuskar uwa. Gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, da ɗauke musu hankali da wasa ko hoton bidiyo, ya fi yaudararsu da cewa hoto kawai za a ɗauka.

Game da abinci, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a daina ci awa shida kafin aiki, ruwa zalla kuma awa biyu, sai dai idan likita ya ba da wani umarni dabam. Wanda fargabarsa ta kai ga hana shi ci da barci na kwanaki, ko yake tunanin fasa aikin, ya sanar da asibiti tun kafin ranar, domin a sake zama da shi.