Ɓauren Izmir da shekaru goma sha tara na zargi

A shekara ta 1880, wata jarida ta birnin San Faransisko mai suna Bulletin ta sa aka kawo rassan ɓaure daga Simirna, garin da ake kira Izmir a ƙasar Turkiyya ta yau. A wancan zamani busasshen ɓauren wannan yanki shi ne ya fi daraja a kasuwannin Turai da Amurka, manoman Kalifoniya kuwa suna kwaɗayin samun irinsa. A 1882 aka sake kawo rassa kimanin 14,000, aka rarraba wa masu karanta jaridar. Itatuwan suka kama, suka yi ganye shar, suka fara ƴaƴa. Amma tun ƴaƴan suna ƙanana sai su yi yaushi su zube. Haka aka yi ta gani shekara bayan shekara.

Wane irin ɓaure ne wannan? Ganye bai isa shaida ba, domin a itace guda ana samun mai yatsu uku da mai biyar. Ƴaƴa nunannu ne ke bayyana iri: launin fata, launin ciki, siffar wuya, girman ƴar ƙofar da ke ƙasa. Su ne kuwa aka rasa. Sai zargi ya maye gurbin bincike, aka ce mutanen Simirna sun aiko da iri maras amfani don kada a ƙwace musu kasuwa. A ganina wannan zargi ya samu karɓuwa ne saboda ya fi sauƙin haɗiya bisa ga bayanin da manoman Turkiyya suke bayarwa.

Bayanin nasu tsoho ne ƙwarai, tun Aristotal ya ambace shi. Furen ɓaure a ɓoye yake cikin abin da muke kira ɗansa. Irin na Simirna ba ya nuna sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro, Blastophaga psenes, ya fito daga ƴaƴan namijin ɓaure ɗauke da garin fure, ya kutsa ta ƴar ƙofar nan. Shi ya sa manoman can suke rataya ƴaƴan namijin a rassan macen. Mutanen Kalifoniya da yawa sun ɗauki wannan a matsayin camfi, kuma suna da hujjarsu: ɓauren Mission, wanda limaman Kirista ƴan Sipaniya suka dasa a San Diyego tun wajen 1769, yana nuna ba tare da wani ƙwaro ba.

A 1890 George Roeding, wani manomi a Firesno, ya ɗebi garin furen namiji ya zuba da hannu cikin ƴaƴan da aka yanke wa ƙauna, suka nuna. Ashe irin na gaskiya ne. A 1899 masanin tsirrai Walter Swingle ya aiko da ƴaƴan namijin ɓaure daga Aljeriya da ƙwarin a ciki, suka rayu a gonar Roeding, aka samu amfanin farko a 1900. Irin da Turkawa ke kira Sari Lop sai ya samu sabon suna, Calimyrna, wato an ƙara wa ruɗanin sunaye ɗaya. Lokacin da Ira Condit ya wallafa kundinsa na ire-iren ɓaure a 1955, ya lissafa fiye da 700, da yawansu ɗauke da sunaye barkatai. Yau binciken ƙwayoyin gado ne ke raba irin wannan gardama.

Duk wannan labarin Ficus carica ne. Ɓaurenmu na bakin fadama da gulbi, Ficus sycomorus, dangi ne kawai, kamar gamji da ceɗiya da durumi, kuma kowanensu da nasa ƙwaron. Ƴan ƙwarin da yara ke tararwa in sun tsaga ɓaure, waɗanda suka sa Bahaushe ya ce in ana cin ɓaure ba a tona cikinsa, aikinsu ɗaya ne da na wanda aka yi dakonsa daga Aljeriya.