Faifan Garmaho da Asalin Waƙar "Mbube"

Kafin zuwan kaset, a kan faifan garmaho ake adana waƙa, kuma faifan yana da iyaka. Mai faɗin inci 10, wanda ke juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowace fuska. Ko da kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifan roba mai juyi 45 a shekarar 1949, tsawon waƙa bai sauya sosai ba. Dole mawaƙi ya dunƙule fasaharsa cikin wannan ɗan lokaci.

A irin wannan faifai ne Solomon Linda, Bazulu ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki waƙarsa "Mbube", wato zaki, a kamfanin Gallo da ke Johannesburg a 1939. Kusa da ƙarshen waƙar ya rera wani gajeren kari da siririyar murya. Faifan ya samu kasuwa ƙwarai, amma ladan da aka ba shi kaɗan ne, haƙƙin mallaka kuwa ya koma hannun kamfanin.

Daga baya faifan ya isa Amurka, ya faɗa hannun mawaƙi Pete Seeger. Da yake ba ya jin Zulanci, sai kalmar amshin ta sauya a kunnensa, ƙungiyarsa The Weavers ta fitar da waƙar da sunan "Wimoweh". A 1961 ƙungiyar The Tokens ta sake rera ta da baitocin Turanci bisa wancan gajeren karin na Linda, aka kira ta "The Lion Sleeps Tonight", ta zo ta ɗaya a kasuwar waƙoƙin Amurka. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. A 1994 kuma waƙar ta fito a fim ɗin The Lion King na Disney.

Sai a 2006, bayan an kai ƙara kotu, aka yi sulhu da magadansa, aka amince a biya su kuɗi, a kuma riƙa ambaton sunansa cikin mawallafan waƙar.  Minti ukun da suka takura mawaƙin su ne suka adana muryarsa, har aka gane mai waƙar na asali bayan shekara 67.