Yadda Zafin Sakkwato Ya Zama Famfo

A aji darasi biyu ne daban. Malami ɗaya ke koyar da kimiyyar zafi, ya faro daga Sadi Carnot, Bafaranshen da ya nuna a 1824 cewa injin wuta ba ya aiki sai zafi ya gangaro daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi. Wani kuma na koyar da gudun ruwa da iska, ya ɗauko daga Daniel Bernoulli da littafinsa na 1738. Ɗalibi ya haddace wannan, ya haddace wancan, ya ci jarrabawa bai san 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Mu a Sakkwato, ƙarancin wutar lantarki ne ya haɗa mana su.

An kafa jami'ar Sakkwato a 1975, ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A tsakani, a 1982, aka buɗe mata cibiyar binciken makamashi, wadda Farfesa Abubakar Sani Sambo ya shugabanta kafin daga baya ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Dalilin zaɓen garin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa yin Afrilu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Tambayar da ta rene mu ita ce: idan babu famfo, babu fanka, me zai tura ruwa da iska cikin na'ura? Amsar ita ce zafin da kansa.

Dubi na'urar ɗumama ruwa da rana. Baƙin farantin ƙarfe ne a ƙarƙashin gilashi, bututu na bin bayansa, tanki na bisa. Lita ɗaya ta ruwa a digiri 20 nauyinta kusan giram 998 ne. A digiri 60 ya ragu zuwa kusan 983. Wannan ɗan bambanci na giram 15 shi ne injin gaba ɗaya. Ruwan da ya ɗauki zafi ya yi sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagaye har la'asar. Amma ƙarfin turin kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba ya yafe ganganci. Bututu ya ɗan lanƙwasa ƙasa, iska ta maƙale a gwiwar, zagayen ya tsaya cik. A rage faɗin bututu da rabi don tsimin kuɗi, ruwa mai tafiya sannu irin wannan ya ragu har ninki 16. A sauke tanki daidai da farantin, da dare ruwan ya juya baya ya zubar da zafin da ya tara.

Na'urar busar da tumatir da kilishi ma haka take, sai dai iska ce ke tafiya. Ka buɗe mata ƙofa da yawa, ta wuce ba ta ɗumama ba. Ka matse ta, ta yi zafi ta cika da laima, tumatir ya dahu maimakon ya bushe. Ga hunturu kuma, iskarsa busasshiya abin so, ƙurarsa na rufe gilashi.

Abin da nake kishi a kai shi ne wannan ilimi ya fita daga harabar jami'a. Mai walda a garin nan, in ka nuna masa na'ura sau ɗaya, zai ƙera irinta, hannunsa ya ma fi namu kyau. Abin da ido ba ya nuna masa shi ne dalilin tsayin tanki da faɗin bututu. Shi kuwa mutum ne da ya tashi yana shan ruwan randa, ya san iska ce ke kwashe gumin jikin randar ruwan ya yi sanyi. Daga nan ya kamata a faro masa bayani, da Hausa, a bakin rumfarsa, da bututun a hannu.