Jituwar Aikau da Aikatau a Ingilishi: Hujjar Koyar da Ita ta Hausa a Maraɗi

A ƙarshen watan Maris na 2025, Kundin Sake Gina Ƙasa da Janar Abdurahman Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tun kafin kundin, Maraɗi ta san amfanin Ingilishi. 'Yan kasuwarta na bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano, Jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a garin a 2013 da Ingilishi take karantarwa, ga kuma titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Sai dai a aji, yaro na fara Ingilishi ne a kwaleji, bayan shekara shida yana fama da Faransanci, kuma duk inda bayani ya cije, Faransancin ake komawa. A ganina, a babin jituwar aikau da aikatau, wannan ratse ne, kamar mai zuwa Tsibiri daga Maraɗi ya bi ta Damagaram.

Ƙa'idar kanta ba ta da yawa. Tsohon Ingilishi yana da ɗafa-ƙeya iri-iri na jituwa a jikin aikatau, amma kusan duk sun zube. Abin da ya rage shi ne "s" da ake liƙa wa aikatau idan aikau mutum na uku ne tilo a lokacin yanzu, sai aikatau "be" mai sauya kama zuwa "is" da "are", ko "was" da "were". Wahalar tana cikin harafin nan guda. A jikin suna "s" jam'i take nunawa, a jikin aikatau kuwa tilo: "the boy plays", amma "the boys play".

Nan ne tarbiyyar Faransanci ke yi wa ɗalibi illa. Dikte, wato shifta, ya horar da idonsa cewa alamar jam'i bazuwa take yi, ta hau suna, ta hau sifa, kamar a "les grandes maisons", aikatau ma ya karɓi tasa alamar. Saboda haka idan ya rubuta "the boys plays" bai yi sakaci ba, biyayya ya yi ga dokar da aka cusa masa tun aji ɗaya, wato alama ta bi alama. Kunnensa ma bai samu horo ba, domin "il parle" da "ils parlent" furucinsu ɗaya ne, kuma "s" ta ƙarshen kalma a Faransanci galibi ba a faɗin ta. A haɗa wannan da tsarin gaɓar Hausa, wanda ba ya yarda baƙi biyu su cunkushe a ƙarshen kalma, sai a fahimci abin da ke sa "asks" da "wants" su rasa wutsiyarsu a baki, daga baya su rasa ta a takarda.

Hausa kuwa a fili take furta jituwa, kusan a kowace jimla, ta hanyar wakilin suna mai zuwa gaban aikatau: yaro ya zo, yarinya ta zo, yara sun zo. Ɗan shekara biyar a Tsibiri ba zai ce "yara ya zo" ba. Ilimin da malamin Ingilishi ke wahalar dasawa yana nan a kan yaron tun kafin ya taka lakwal.

A ɗauki jimlar da ta fi kayar da ɗalibai, wadda sunaye suka shiga tsakanin aikau da aikatau. Malami ya rubuta a allo: "The price of the bags of moringa", ya ce a zaɓa tsakanin "has gone up" da "have gone up". Da yawa za su kama "bags", saboda ita ce mai "s" kuma ta fi kusa, su zaɓi "have". Maimakon dogon sharhi, malam ya juya ya tambaya: "Farashin buhunan zogalen Jiratawa ya tashi, ko sun tashi?" Aji duka zai amsa "ya tashi", domin kowa ya san farashi ake magana a kai. To, galibi inda Hausa ta ce "ya" ko "ta", Ingilishi "has" zai ce, inda ta ce "sun" kuma "have".

Gwajin yana aiki har a wuraren da Faransanci ke karkatar da mutum. Bafaranshe zai ce "la police est", tilo, amma Ingilishi "the police are" yake cewa, daidai da "'yan sanda sun zo". "News" tilo ce duk da "s" ɗinta, kamar "labari ya iso", alhali "les nouvelles" jam'i ce. "Everybody has come" shi ne "kowa ya zo". Hatta sassaucin da Ingilishin Ingila ke yi wa sunan tarayya, inda "the committee" ke karɓar "is" ko "are" gwargwadon abin da mai magana ke nufi, Bahaushe ya san shi, tunda yana cewa "jama'a ta taru" yana kuma cewa "jama'a sun taru". Mutanen Amurka sun fi karkata ga tilo a nan.

Masu adawa da wannan hanya za su ce ita ma Hausa tana jefa ɗalibi a rami, kuma sun yi gaskiya. Mai cewa "kuɗi sun ƙare" zai iya rubuta "the money are finished". Wando tilo ne a wurinmu, "trousers" jam'i ce. Muna cewa "buhu biyar" ba tare da jam'inta suna ba, shi ya sa ake ganin "five bag". Mafi naci a cikinsu shi ne "my father he is a trader", inda ɗalibi ya ɗauko "ya" na Hausa ya dasa a inda Ingilishi bai bar masa gurbi ba. Amma waɗannan wurare ƙidayayyu ne, darasi ɗaya ko biyu ya isa a tattara su. Kuma malamin da bai taɓa kwatanta harsunan biyu ba, jan biro kawai zai yi ta zubawa a takardar yaro shekara da shekaru, bai san daga inda kuskuren ke ɓullowa ba.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga koyarwa da harshen gida, domin tun 1973 aka fara makarantun gwaji da Hausa a Damagaram. Abin da ya rage shi ne masu horar da malaman Ingilishi su shigar da nahawun Hausa cikin horon, masu tsara littattafan kwaleji kuma su jera misalan harsunan uku kafaɗa da kafaɗa a babin jituwa. Malamin da ke da aji a Maraɗi ko Tsibiri ko Jiratawa ba sai ya jira sabon littafi ba. Ya gwada tambayar "ya ko sun" a darasinsa na gaba, ya duba takardun yaransa.