Labarin maganin Trovan a Kano da abin da ɓata amana ke haifarwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Bayan haka, ka sani, ya kai ɗalibi, fatauci halal ne, amma sharaɗinsa yarda da bayyana aibin kaya. Ga labarin da zai nuna maka haka.

A shekara ta 1416 ta Hijira, wato 1996, annobar sanƙarau ta faɗa wa ƙasar Arewa, ta kashe dubban mutane, mafi yawansu yara. A cikin wannan hali wani babban kamfanin magani na Amurka, sunansa Pfizer, ya aiko likitoci asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano da sabon magani, Trovan, wanda ba a riga an yarda da sayar da shi ba. Suka ɗauki yara 200, suka raba su biyu: rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su sanannen magani, domin a gwada. Yara 11 suka rasu, biyar a kashin farko, shida a na biyu. Waɗansu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

Sa'an nan aka yi saɓani. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfani ya ce an yi musu bayani da Hausa sun yarda da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Amma takardar izinin gwajin, daga baya aka gane bayan an gama aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 1999 hukumar Amurka ta taƙaita amfani da Trovan saboda yana ɓata hanta. A 2000 jaridar Washington Post ta tona labarin. A 2007 gwamnatin Kano ta kai ƙara. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75, kamfani bai amsa laifi ba. Sai a 2011 aka fara biyan iyalai, bayan shekara 15.

Fasali. Ka lura da abin da ya biyo baya. A 2003 jita-jita ta bazu cewa allurar rigakafin shan inna tana hana haihuwa. Zancen ba shi da tushe, amma mutane da yawa suka gaskata, kuma cikin dalilansu akwai abin da ya faru a 1996. Kano ta dakatar da rigakafin har 2004, cutar ta ƙetara zuwa ƙasashe masu yawa, ta shanye ƙafafun yaran da ba su san Trovan ba.

To, mas'ala ita ce wannan. Uban da ɗansa ke hannun mutuwa ba ya iya ciniki, ba ya iya tambaya. Wanda ya fi shi sani, nauyin bayani a wuyansa yake, ko hukuma tana gani ko ba ta gani. Diyya tana biyan wanda aka cuta, amma ba ta mayar da yardar jama'a. Kai ma, in ka zama mai shaida ko mai sa hannu a takarda, kada ka rubuta abin da bai auku ba.

Allah ne mafi sani. Tammat bi hamdillahi.